Damin Wayar da Nasiru Ya Zaɓa

Shekarar da aka katse layukan salula a Jibiya, aka rufe kasuwannin mako saboda mutanen daji, ita ce shekarar da Nasiru ya turo mini motarsa gareji. Ƙarshen damina ne, dawa ta fi mutum tsawo. Iyaka kuwa a rufe take tun kafin nan. Wanda yake da kira na dole sai ya nufi wajen iyaka, ya nemi tudu ya ɗaga waya sama ko layin Nijar zai taɓa shi.

Ni mai wayarin mota ne, sunana Hamisu. Da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma da hannuna ya saba da biro wannan ne abin da na fara son rubutawa, saboda ku samarin da kuke zama a rumfata kuna cewa aikin nan ba komai ba ne, ja a haɗa da ja, baƙi da baƙi, ai kun gani a waya.

Na koyi aiki wurin wani mutumin Maraɗi, Malam Ilu, Allah ya jiƙansa. Wutar mota ba ya ce mata wuta, kuran yake cewa irin na mutanen can. Kayan aikinsa duka ba su cika ƙaramar jaka ba: filaya, reza, salatif, ƙarfen dalma da ake sawa a garwashi, da ƙwan gwaji, wato ƙwan fitila da aka ɗaura wa waya biyu, ka taɓa inda kake zato, in akwai wuta ya kama. Shekarata ta farko bai bar ni na haɗa ko waya ɗaya ba. Kwancewa kawai nake yi. Wayoyin mota ba a warwatse suke ba, a naɗe suke wuri ɗaya da salatif, kaurinsu ya kai damtse, daga batir su bi ta akwatin fis su rarrabu zuwa fitilu da hon da kik da agogunan gaban direba. Shi muke kira dami. Malam Ilu zai jefo mini tsohon dami ya ce in warware shi daga kai har wutsiya, in bi kowace waya da yatsa in gaya masa inda ta fito da inda za ta. Dokarsa ita ce, damin da ba ka buɗe da hannunka ba, ba ka saka shi a motar mutum.

Akwai wata babbar mota ta wani mai fataucin shanu da aka taɓa kawo mana. Duk lokacin da direba ya taka birki sai hon ya yi kuka. Kafin su zo wurinmu sun rataya laya a madubi, sun yi mata turare har kujerun suna ƙamshi. Malam Ilu ya sa na shiga ƙarƙashinta, na samu wata waya da ke ɗaure da jikin ƙarfen motar ta yi tsatsa. Na goge da samfefa, na ɗaure, hon ya yi shiru. Direban bai cire layar ba, ya ce ai tare suka yi aikin. Na faɗi wannan ne don ku san ba ni da saurin cewa aljanu. Duk aljanun mota da na gani a sana'ar nan, da samfefa da dalma suka fita, ban da na motar Nasiru.

Nasiru ɗan wani mai sayar da hatsi ne, magidanci mai mata ɗaya da 'ya'ya biyu, mutum mai fara'a da taurin kai. Motar tsohuwar a-kori-kura ce ƙirar Faransa, wadda mahaifinsa marigayi da wan mahaifin suka yi shekaru suna ɗaukar gero da ita zuwa Maraɗi. Ta daɗe a yashe a bayan gida kaji suna ƙwai a ciki. Nasiru ya fito da ita, ya sa aka rage mata tsawon rufi, aka yi mata jan fenti mai duhu, aka sa faffaɗan tayoyi da salansa biyu, aka ɗora mata inji mai silinda shida da aka ciro daga wata motar Japan. Abin da ya rage shi ne wuta. Daminta na asali ɓeraye sun gama da shi, kuma ko yana nan ba zai ɗauki sabon injin ba. Sauri Nasiru yake yi domin baffansa, wan mahaifin nan, yana kwance ba lafiya a ƙauyensu da ke gaba da Daddara, kuma ya rantse sai tsohon ya gan ta tana tafiya da idonsa.

Na zaunar da shi a benci na gaya masa hanya uku ce. Ta farko, sabon dami na kwali, wanda ake yi don irin waɗannan motocin haɗe-haɗe. Yana zuwa da akwatin fis ɗinsa, kowace waya an buga sunan aikinta a jikinta, kuma ana zaɓar mai hanyoyi da yawa fiye da buƙata saboda gobe mutum zai so ƙarin fitila ko rediyo. Wani ɗan kasuwa a Maraɗi yana kawo shi, amma a wannan shekara ba wanda ya san ranar zuwan kaya. Ta biyu, in haɗa masa da hannuna daga wayar kasuwa. Sai na ɗauko wadda ake samu a lokacin, na kankare ta da reza a gabansa. Jan ƙarfen a baya kawai yake, cikin fari ne fat. Na kunna mata ashana ta lanƙwashe kamar gashi. Na ce irin wannan ba za ta shiga motar da yake son gudu da ita ba. Ta uku, tsohon dami daga wurin 'yan gwangwan.

Na ce ni dai na kwali nake so, mu jira.

Ya yi dariya ya ce, "Oga Hamisu, kai da ba ka karatu, me za ka yi da waya mai rubutu?"

Na ce, "Kai za ka zauna nan ka riƙa karanta mini, ka ga ka yi amfani da bokonka sau ɗaya."

Ya je tudun iyaka ya yi kiran, aka ce masa za a kawo in hanya ta yi kyau. Bai iya jira ba. Wata safiya sai ga shi da Abdu ɗan gwangwan, wani mutumin tsallaken iyaka da ke shigo da tsofaffin ƙarafa, suna riƙe da buhu. Suka zazzage a gabana. Gaskiya ban taɓa ganin tsohon dami mai kyau irinsa ba. Na lanƙwasa shi kusa da kunnena, robar ba ta yi ƙara ba. Na sansana, babu ƙauri. Na kankare, jan ƙarfe ne har ciki, mai nauyi. Na tambayi Abdu daga motar wa ya fito, ya ce shi dai a wani kango ya saye shi. Nasiru ya ce tambayar me kuma, ai waya ba ta da dangi.

Na warware shi kaf kamar yadda aka koya mini. A tsakiyarsa na samu wata siririyar waya da ba ta cikin aikin kamfani, an cusa ta da hannu an naɗe a kai, aiki mai tsabta. Na san ta. Masu gudun dare da shinkafa ko mai suna sa a yi musu ita: maɓalli ɗaya a ɓoye ƙarƙashin kujera, in suka taɓa shi komai na motar ya mutu, har fitilar birki, su sulale cikin duhu. Ni ban taɓa yi wa kowa ba, amma na sha cirewa. Na zare ta, na yanke duk inda aka dasa ta, na zuba dalma na rufe. Na nuna wa Nasiru, na ce damin ɗan fasa-ƙwauri ne, raina bai kwanta da shi ba. Ya ce ai ga shi na cire cutar. Motarsa ce, zaɓinsa ne. Na saka.

Ta tashi a murɗawar farko. Ƙarar salansa ta fito da masu shayi da masu faci daga rumfunansu. Fitilu, hon, agoguna, komai lafiya. Mun zaga gari da ita har bakin shingen iyaka muka dawo, ba ta yi tari ba.

Washegari da hantsi muka ɗauki hanyar ƙauye, ni da shi. Bayan Daddara ana sauka daga kwalta a hau burji, dawa ta rufe hagu da dama, ba ka ganin komai sai hanyar da sama. A gaba akwai wani kwalbati kan ƙaramin rafi, kuma daga gefensa wata 'yar hanya ta ratsa gonaki ta yi arewa. Nasiru yana tuƙi ba takalmi kamar yadda ya saba, yana ba ni labarin yadda baffansa ya taɓa ɗaure salansar motar nan da igiyar rijiya. Muna dab da kwalbatin sai injin ya ɗauke. Ba tari, ba jijjiga. Alluran agoguna duka suka kwanta lokaci ɗaya, motar ta gangara ta tsaya a kan kwalbatin.

Na buɗe bonet. Na taɓa ƙwan gwaji a kan batir, ya kama fes. Na taɓa inda damin ya fara, akwai wuta. Na matsa taƙi ɗaya cikin damin, babu. Na bi fis ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ƙone. Wuta tana shiga damin amma ba ta fita ta ko'ina. A wannan shekara, mota ta mutu a irin wannan wuri, ba waya, ba mai wucewa, kun san abin da ake tsoro. Nasiru ya juya yana kallon dawa.

Wani dattijo ya fito daga gona da fartanya a kafaɗa. Muka yi masa sallama, ya amsa daga nesa. Ya daɗe yana kallon motar, sannan ya ce, "Ku tura ta gaba, 'ya'yana. Nan ba wurin tsayawa ba ne." Bai zo ya kama mana ba, ya juya ya koma cikin dawar.

Muka tura. Ba mu yi nisan da ya fi tsawon motoci huɗu ba sai na ji famfon mai ya yi kukansa, alluran suka miƙe. Nasiru ya murɗa, ta tashi kamar ba a yi komai ba.

A ƙauye aka ɗauko baffan a kan kujera aka fito da shi ƙofar gida. Ya sa aka tayar da injin, ya saurara da ido a rufe, ya ce wannan ba muryarta ba ce, an sa mata zuciyar wata. Amma da ya kama hannun ƙofar ya ɗaga ta sama kafin ya ja, yadda dole a yi mata tun da, ta buɗe, sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da muka dawo mun bi ta kan kwalbatin nan, ba abin da ya faru.

Na ce girgizar burji ce ta taɓa wani haɗi. Na kwana biyu a kanta. Na sake narka dalma a kowane haɗi, na ƙara wayar jiki mai kauri daga batir zuwa inji, na canja maɓallin kunnawa. Na ɗaga motar na riƙa dukan damin da sanda injin yana aiki, ko gezau. Muka koma, wannan karon a hankali kamar tafiyar amalanke don kada a ce girgiza. A daidai wurin nan ta mutu.

Na zo da sabuwar waya a aljihu. Na ja ta kai tsaye daga batir zuwa inji, na riƙe ta a sama da hannuna, na ce ya murɗa. Injin ya kama. Da hannuna ya gaji na saki wayar ta kwanta a jikin damin, roba a kan roba, ba ƙarfen da ya taɓa wani, sai injin ya ɗauke. Na ɗaga, ya kama. Na ajiye, ya ɗauke. Sai na ɗora tafin hannuna a kan damin. Injin da ke gefensa ba ya taɓuwa don zafi, rana tana tsaka, amma damin sanyi ƙalau kamar jikin randa. Na rufe bonet na ce mu tura.

Da yamma na samu Abdu wurin mai shayi, na zauna kusa da shi na ce ba rigima na zo yi ba, ya gaya mini motar wa ce. Ya yi ta juya cokali. Daga baya ya ce ta wani direba ce da ake yi wa laƙabi da Ba-fitila, wanda ya yi shekaru yana bin 'yar hanyar nan ta gefen kwalbati zuwa tsallake, kuma a nan yake kashe wuta kullum kafin ya shiga. Ya ce motar dai an same ta.

Na ce, "Shi fa?"

Ya ce, "Malam, ni ƙarfe nike saye."

Na gaya wa Nasiru damin nan sai ya fita gaba ɗaya, ba abin da zan iya sawa kusa da shi ya rayu, mu ajiye motar har na kwali ya iso. Ya ce to. Amma jikin baffansa ya tsananta, ana buƙatar a riƙa kai masa magani da kawo shi asibiti, kuma ba direban haya da zai yarda ya sauka daga kwalta a watan nan ko me za a ba shi. Sai Nasiru ya samo dabara irin ta direbobi. Tun daga nesa zai taka mai ya kwaso gudu, in ya zo kusa ya danne kuloci. Motar za ta mutu tana tafe, gudunta ya ɗauke ta ta haye wurin, wuta ta dawo, ya saki kuloci ta tashi. Ya yi haka ya je ya dawo, ya sake yi. Ya zo yana ba masu shayi labari, yana cewa aljanin kwalbati ba shi da gudu. Na ce masa dabarar nan tana buƙatar hanya a bushe kuma ba kowa a gabansa. Ya ce wai na cika tsoro, shi ya sa har yanzu keke nake hawa.

Ranar da abin ya faru an yi ruwa mai yawa da safe, irin na bankwanan damina. Bayan la'asar wani mutumin ƙauyen ya iso da ƙafa, jiƙe da laka har gwiwa, ya ce numfashin tsoho yana sama-sama. Nasiru ya zo gareji ɗaukar motar. Na ce masa burjin nan yau ba zai ba shi gudu ba. Na ce ya bari mu nemi wata motar, muka tambayi direbobi a tasha, kowa ya kau da kai. Na ce to zan bi shi, ko don turi. Ya ce gaban motar mutum biyu yake ɗauka, kuma wurin na baffa ne, ba zai sa tsoho a baya cikin sanyi ba. Ɗan saƙon ma ya ce shi ya gaji, zai kwana a gari.

Nasiru ya cire takalmansa ya ajiye a ƙasan kujera, ya leƙo ta taga ya ce, "Ka sa a ajiye mini shayi, yanzu zan dawo."

Bai isa ƙauyen ba, bai dawo gari ba. Ba yadda za a kira shi, ba kuma wanda zai bi hanyar nan bayan magariba. Da gari ya waye ƙanensa ya tara mutane, na bi su. Tun daga nesa muka ga sawun tayoyi suna karkacewa cikin laka inda ya yi ƙoƙarin kwasar gudu bai samu ba. Motar tana tsaye a kan kwalbati. Maɓalli yana ciki a murɗe, takalmansa suna inda ya ajiye su, ledar magani tana kan kujera, ba a taɓa komai ba. Daga ƙofar direba sawun ƙafa ba takalmi ya zaga bayan motar, inda ya tsaya ya yi turi har ƙafafunsa suka nutse. Daga nan sawun ya bar motar ya hau 'yar hanyar da ta yi arewa. Tafiya ce ta nutsuwa, ba gudu ba. Mun duba laka a ko'ina, ba sawun wani, ba na babur, ba na dabba. Mun bi nasa har inda ƙasa ta yi tauri ya ɓace.

Da shanu aka jawo motar zuwa kwalta. A gareji na murɗa ta sau ɗaya ta tashi. Na kashe, na ɗauki filaya na yanke damin gunduwa-gunduwa na fitar da shi, na ƙone robar a bayan rumfa. Jan ƙarfen ban ba 'yan gwangwan ba, rami na haƙa masa.

Jami'an tsaro sun ce mutanen daji ne, kuma mafi yawan mutane haka suka ɗauka. Mai yiwuwa ne. Da aka dawo da layukan salula mahaifiyarsa ta riƙa ajiye wayarsa da ya bari a gida da tata a caje dare da rana tana jiran a kira a faɗi abin da ake so. Ba wanda ya kira.

To ku masu cewa aikin nan ba wuya, in za ku haɗa mota irin wannan ku sayi sabon dami, ku kankare wayar ku ga cikinta, ku zaɓi mai fis da yawa, in bai zo ba ku jira. In kuwa tsoho aka kawo muku, buɗe shi bai isa ba. Ku tambayi motar wa ce, in aka ƙi faɗa ku mayar da shi cikin buhunsa.

Abin da aka rasa a wannan aiki ga shi. Baffan ya rasu a daren nan a kan tabarmarsa, bai ga asibiti ba. Motar ba ta sake hawa hanya ba, an sayar da injin, gangar jikin tana bayan gida inda ta fito. Abdu bai ƙara shigowa Jibiya ba. Mace ɗaya tana zaune ba ta san ko takaba za ta yi ba. Yara biyu, babbar ta shiga makaranta bana. Sai Nasiru, wanda har yau ba a yi masa sallah ba.